Lambun Cikin Gida a Kano: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

An gina waɗannan amsoshi ne a kan yanayin garin Kano, zafinsa da hunturunsa da irin ruwan da ake samu a unguwanni. Wanda yake Jos ko Legas sai ya gyara lissafin watannin.

Wane lokaci ya fi dacewa in fara?

Wannan tambaya ta fi ta iri da ta taki nauyi, domin yawancin masu cewa "ba ni da hannun shuka" ba hannun ne ya gaza ba, lokaci suka saɓa. A wurin mai lambu shekarar Kano kashi uku ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, dare da sanyi, kuma shi ne lokacin tumatir, latas, kabeji, karas da albasa. Ana zuba irinsu daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a yi dashe a Oktoba ko Nuwamba (ban da karas, shi ba a dasa shi), don tumatir ya yi fure ya ƙulla, sauran kuma su girma, kafin zafi ya shigo. Shi ya sa kake ganin tumatir ya yi arha a kasuwar 'Yankaba daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kayan gonakin rani na Kadawa da Kura suke kwararowa, sannan ya yi ɗan karen tsada idan damina ta kama.

Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi yakan haura digiri 40. Kada sabon shiga ya fara da tumatir ko latas a wannan tsakanin. Alayyahu da kuɓewa da zogale suna jurewa in dai akwai ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa damina ce: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyahu, kabewa, gurji da barkono duk lokacinsu ne.

In yau ka ƙudura niyya kuma ba ka son jira, shuka alayyahu. Ba ya zaɓen wata.

Tsakar gidanmu duk siminti ne. Akwai dabara?

Akwai, buhu da bokiti. Buhun shinkafa ko na taki da aka wanke, tsohon bokitin fenti mai cin lita 20, jarkar da aka yanke, bahon da ya fashe, duk suna aiki. Sharaɗin dai biyu ne, zurfi da mafitar ruwa. Tumatir, tattasai, attarugu, kuɓewa da yalo suna son zurfin santimita 30 zuwa 40, kuma gindi ɗaya tak a kowane bokiti. Mutane kan sa uku ko huɗu don ganin buhun da faɗi, a ƙarshe su huɗun ba su ba da abin da guda ɗaya zai bayar ba. Kayan ganye irin su alayyahu, latas da lansir, taƙi ɗaya ya ishe su, wato kimanin santimita 20.

A huda ƙasan bokiti wuri 6 zuwa 8 da ƙusa mai zafi, a kuma ɗora shi a kan bulo ko katako. Siminti yana ɗaukar zafi da rana, idan buhu yana zaune a kansa kai tsaye saiwa takan dahu. In a saman bene za a jera, a tuna buhu guda da jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan kai kilo 30 ko fiye, don haka a bi da su ta jikin bango da kan ginshiƙi, kada a tara su a tsakiya.

Katangarmu doguwa ce, rana ba ta daɗewa a tsakar gidan.

Ki ware yini ɗaya ki lura da inda rana take sauka daga hantsi zuwa la'asar. Duk abin da ake cin 'ya'yansa yana son rana ta awa 6 ko fiye. Inda ba ta wuce awa 3 ko 4 ba, ki sa na ganye: latas, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, lansir, lawashi. Shukar da ta rasa rana za ki gan ta ta yi zanƙalƙal, siririya, tana karkata gefe guda, ganyen ya koɗe. Taki ba ya maganin wannan, sai dai a matsar da ita.

Wace irin ƙasa zan zuba a buhun?

Ba jar ƙasar da ake cikon gini da ita ba, ba kuma zallar yashi ba. Jar ƙasa tana ƙanƙamewa kamar bulo in ta sha ruwa ta bushe, yashi kuma ruwa wucewa kawai yake yi. Haɗin da ya fi ba da sakamako shi ne kwano 2 na baƙar ƙasar sama, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki, kwano 1 na yashi ko ɓuntun shinkafa. Ɓuntun yana sa buhu ya yi sauƙin ɗauka, kuma ana samunsa wurin masu injin casa.

Gwajin mai sauƙi ne. Jiƙa haɗin kaɗan, ka dunƙula a tafin hannu. In ya dunƙulu, ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya ƙi dunƙuluwa, yashi ya yi yawa. In ya zama kamar curin fura yana danƙo, laka ta yi yawa, ƙara ɓuntu.

Ina da kaji. Zan iya zuba kashinsu kai tsaye?

A'a, kuma wannan kuskure ya kashe dashe ba adadi. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona saiwa cikin kwana biyu ko uku, gefen ganye ya bushe kamar an babbake, mai shi kuma ya ɗauka ƙishi ne ya yi ta ƙara ruwa. A tara shi a gefe, a gauraya da busasshen ganye ko ɓuntu, a yayyafa ruwa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk bayan mako 2. Cikin mako 6 zuwa 8 zai yi baƙi, warin ya tafi, ka tura hannu ciki ba ka jin ɗumi. To sannan ya zama taki.

Kashin awaki da na tumaki sun fi sanyi, amma su ma a bari su ruɓe. A fangalin ƙasa, kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita ya isa, na kaji kuma rabin haka. Lokacin juya takin, duk gwazarmar da ka gani ka tsince ta ka jefa wa kaji.

Takin bola fa? Da can jakuna ke kwasar shara da toka daga cikin birni zuwa gonakin da ke kewaye, kuma ita ta riƙe ƙasar Kano shekara da shekaru. Amma bolar da ba ta yau ba ce. Ta yau cike take da leda, fasassun kwalabe, matattun batura da ragowar magani. Ba ma ba da shawararta ga abin da za a ci ɗanye.

Takin zamani nawa ake sawa?

Kaɗan ƙwarai. Ga tumatir, tattasai ko kuɓewa, cikin marfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15, kimanin gram 5, ga kowane gindi, mako 2 bayan dashe. A tona ɗan rami nesa da karan da faɗin tafin hannu, a zuba, a rufe, a ba da ruwa. A maimaita idan fure ya fara fitowa. Kada ƙwayar takin ta taɓa kara ko ta maƙale a ganye.

Yuriya ta kayan ganye ce. Cokalin shayi ɗaya a narke a ruwa lita 5, a zuba a gindin alayyahu bayan an yanka. Wanda ya yi ta ɗura wa tumatir yuriya zai samu bishiya kore shar mai ban sha'awa, ba 'ya'ya.

Ruwan 'yan ga-ruwa muke saye. Lambu ba zai cinye mu ba?

Yi lissafi kafin ka faɗaɗa. A hunturu kowace murabba'in mita tana shan lita 5 zuwa 6 a rana, a bazara ta kai 8 ko fiye. Ke nan fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana cin kusan jarka guda kullum. Bokitin tumatir da ya girma yana son lita 1 zuwa 2 a rana, da zafi kuma safe da yamma.

Abin da ya fi rage kashe kuɗi shi ne rufe fuskar ƙasa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ɓuntu ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili a kewayen kara don kada ya ruɓe ko gara ta hau. Akwai kuma dabarar tulu: a binne ƙaramin tulun ƙasa har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi, a rufe bakin, a dasa kewaye da shi. Ruwan yana tsattsafowa a hankali gwargwadon ƙishin ƙasa, sai a riƙa cikawa duk kwana 2 ko 3.

Ruwan alwala, na wanke shinkafa da na ɗauraye kayan miya duk a tara a bokiti, suna da kyau. Ruwan wanki mai omo ko bilic ba ya shiga lambu. Ruwan kwata kuwa ko kusa, musamman ga latas da kabeji da ake ci ba dafawa. Damuwar da ake nunawa game da lambunan bakin rafin Jakara ke nan, inda dattin gidaje da na masana'antu yake haɗuwa.

A ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba. Kafin ka zuba, tura yatsa gaɓa biyu cikin ƙasa. In da danshi, bari sai anjima.

Rijiyarmu zartsi ce.

Rijiyoyi da yawa a cikin gari haka suke. Alamar ita ce farin ɓawo a saman ƙasa da bakin bokiti, da ƙonewar gefen ganye. Duk mako biyu a kwarara ruwa mai daɗi da yawa har ya riƙa fita ta hujin ƙasa, don ya wanke gishirin. Tumatir da alayyahu suna ɗan jurewa, albasa da karas da latas ba sa so. Da damina a tari ruwan indararo, ba abin da ya kai shi.

Zan iya matse irin tumatirin da na sayo a kasuwa in shuka?

Zai fito, amma ba tabbas zai yi kamar uwarsa. Yawancin manyan tumatir masu kyan gani 'yan aure ne, wato iri biyu aka haɗa aka samar da su, waɗanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsu, kuma irin da aka matse daga cikinsu yakan fito barkatai. Iri irin su UC82B da Roma VF ba 'yan aure ba ne, ana iya ajiye irinsu shekara bayan shekara. Alayyahu, kuɓewa, yakuwa da rama na gida ma haka.

In za ka sayi na fakiti ko gwangwani, duba kwanan watan da ke jiki, kuma ka guji wanda aka shanya a tebur cikin rana. Irin albasa ya fi kowanne saurin mutuwa, in ya shekara da wuya ya yi abin kirki. Kafin ka zuba, gwada ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye a inuwa. In 7 ko 8 sun tsiro cikin mako guda, irin lafiya lau. Na attarugu da tattasai a ba su mako biyu, masu nawa ne.

Wanne ake reno a dasa, wanne ake shukawa kai tsaye?

Tumatir, tattasai, attarugu, yalo, kabeji, latas da albasa ana renonsu. Karas, kuɓewa, kabewa, gurji da kokwamba ba sa son a taɓa saiwarsu, a inda za su zauna ake shuka su.

Wurin reno, a tankaɗe ƙasa mai laushi a baho, a ja layuka da yatsa, zurfin bai wuce santimita 1 ba, a zuba iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa sama-sama, a lulluɓe da ciyawa ko jiƙaƙƙen buhun algarara. Ranar da aka ga tsiro, a ɗage murfin. In aka makara kwana biyu kacal, za su yi dogon wuya su faɗi. Tumatir da latas da kabeji suna isa dashe a mako 3 zuwa 4, idan sun yi ganye 4 zuwa 6. Tattasai da attarugu mako 5 zuwa 6. Albasa mako 6 zuwa 8, sai wuyanta ya kusa kaurin fensir.

A yi dashe da yamma. A jiƙa bahon tukuna, a cizgo kowanne da ƙasarsa, a riƙe shi ta ganye ba ta kara ba. Tumatir a nutsa shi har wajen ganyen farko, domin karansa yana fitar da sabuwar saiwa. Tattasai da latas kuwa a tsaya daidai inda ƙasa ta tsaya musu a baho. A yi musu 'yar inuwa ta kwana 3.

Tazara a ƙasa: tumatir da kabeji kamu ɗaya, wato santimita 45 zuwa 50, tattasai da kuɓewa 40, latas 25 zuwa 30, albasa 10 tsakanin gindi da gindi, 15 zuwa 20 tsakanin layi.

'Yan tsiron sun fito da kyau, sai na wayi gari sun kwanta, wuyansu ya tsuke.

Ruwa ya yi yawa, iri ya cunkushe, iska ba ta ratsawa, sai ruɓa ta kama su daidai fuskar ƙasa. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Cire su da ƙasar da ke kewayensu, rage sauran, daina ban-ruwan dare, fitar da bahon ya sha hantsi. Karo na gaba a zuba tafasasshen ruwa a ƙasar renon, a bari ta huce kwana guda kafin a sa iri.

Tumatirina yana fure, furen yana zubewa, ba ya ƙullawa.

Duba watan da kake ciki. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin furen yana lalacewa, furen ya bushe ya faɗi. A Kano daga tsakiyar Maris zuwa Mayu haka abin yake, kuma ba wani magani na feshi da zai sauya shi. Rumfar zana ko raga da za ta tare ranar azahar tana ɗan taimakawa, amma gyaran gaskiya shi ne a dasa da wuri a kaka mai zuwa. Attarugu ma yana zubar da fure a wannan lokaci, sai dai shi in aka riƙe shi da ruwa yakan farfaɗo ya yi 'ya'ya idan damina ta sauka.

In kuwa a Disamba ko Janairu ne, dalilin ɗaya ne cikin uku: yuriya ta yi yawa, rana ta yi kaɗan, ko kuma tsakar gidan ba iska. Furen tumatir yana buƙatar girgiza kafin ya ƙulla. Da hantsi a ɗan ƙwanƙwasa sandar da aka ɗaure shi a jiki.

Gindin ɗan tumatirin yana yin baƙi ya lotsa, wasu kuma suna tsagewa.

Duk biyun daga ban-ruwa ne, ba ƙwaro ba. Baƙin gindi yana zuwa idan ƙasa tana bushewa ƙarau sannan a cika ta da ruwa, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ƙarshen ɗan. Ya fi kama dogon tumatir da na cikin ƙaramin bokiti. Tsagewa kuma idan ɗan ya kusa nuna, ya sha ƙishi, sai aka kwarara masa ruwa lokaci guda. Maganin dai ruwa daidai gwargwado a kan lokaci, da rufe fuskar ƙasa. Tsinke waɗanda suka ɓaci, na bayansu za su fito lafiya.

Ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance, shukar ta tsaya cak.

Girgiza ta. In wasu ƙananan fararen ƙwari sun tashi kamar toka, farin ƙuda ne, kuma shi yake ɗauko cutar nannaɗewar ganye daga wata shuka zuwa wata. Wadda ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta a fitar da ita daga gidan, kada a tsaya jin tausayi, don ita ce za ta shafa wa sauran. In kuwa ganyen ƙasa ne kawai ya naɗe da tsakar rana alhali sabon toho lafiya yake, zafi ne, ba komai.

Akwai kuma wadda take yaushi gaba ɗaya tana kore, ga danshi a ƙasa. Yanki karan daga ƙasa ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In ka ga wani farin abu yana zirarowa kamar hayaƙi, cuta ce da ke zaune cikin ƙasar, a zubar da ƙasar buhun duka. In ba a ga haka ba, duba saiwa. Ƙulle-ƙulle kamar carbi a jikinta aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, mai son ƙasa mai yashi, kuma tana kama kuɓewa ma.

Mene ne sharon, kuma yana zuwa lambun gida?

Yana zuwa. Shi ne ƙwaron da Turawa ke kira Tuta absoluta, asalinsa daga Kudancin Amurka, wanda ya yi wa manoman tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa mummunar ɓarna a 2016. Uwar ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai launin toka, da dare take yawo. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta cinye cikin, sai ka ga wani fili fari kamar leda da ɗigon baƙin kashi a ciki. Daga nan ta huda ɗan tumatir, yawanci ta ƙarƙashin hularsa. Da yake a ɓoye take, feshi ba ya cika samunta, ga shi tana saurin sabawa da magani.

A lambun gida ido da hannu sun fi feshi. Duk kwana biyu a duba, a tsinke ganyen da ya kamu, a ƙulle a leda a jefa a rana. Da dare a ajiye fitila a kan baho mai ruwan sabulu, iyayen za su faɗa ciki. Tsohon gidan sauro da aka wanke, in aka lulluɓe tumatir da shi tun yana wurin reno, yana tare sharon. Kada dai a lulluɓe kabewa ko kokwamba da shi idan sun fara fure, su sai da ƙudan zuma suke ƙullawa.

Wane magani zan haɗa a gida?

'Ya'yan darbejiya. A tsince su, a cire ɓawon, a shanya ƙwayar a inuwa, a daka. Gram 50, wato cikin tafin hannu mai kyau, a jiƙa a ruwa lita 1 ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanka kamar ƙwayar gyaɗa, a fesa da yamma, a bi bayan ganye inda darɓa da farin ƙuda suke maƙalewa. Rana tana kashe ƙarfinsa, don haka a maimaita duk kwana 5 zuwa 7, kuma kada a ajiye ragowar. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma yake yi, saboda haka kada a ce bai yi aiki ba don an ga tsutsa tana motsi washegari.

Fiya-fiya da maganin sauro da na kyankyaso ba na abinci ba ne, kada su kusanci lambu. In dole sai an sayi maganin shago, a karanta kwanakin da aka rubuta za a jira tsakanin feshi da tsinka, a kuma cika su. Alayyahu da latas da kwanansu bai taka kara ya karya ba, gara a haƙura da feshin sam.

Ƙadangaru da kaji sun hana ni sakat.

Shinge kawai. Raga ko zana mai tsayin ƙugu tana tare kaji. Ƙadangare ɗan tsiro yake so da nunannen tumatir, musamman da rani da yake neman ruwa, don haka a rufe bahon reno da raga, a kuma ajiye masa kaskon ruwa can nesa. Akuya kuwa a ɗaure ta, minti biyar ya ishe ta gama da aikin wata biyu.

Yaya ake yankan alayyahu ya daɗe yana bayarwa?

Irinsa ƙanana ne, a gauraya cokali 1 da yashi cokali 10 kafin a yayyafa, in ba haka ba zai fito cunkus. A mako 3 a fara cire na tsakani ana miya da su, har a bar taƙi guda tsakanin waɗanda suka rage. A mako na 5 a yanka da wuƙa mai kaifi, a bar kara mai tsawon santimita 15 da 'yan ganye a jiki. Zai yi rassa, a sake yanka duk mako 2, sau uku ko huɗu. In ya yi saurin fitar da kai yana ƙarami, ƙishi ne ko cunkoso ko yunwar taki. Zogale ma haka yake so, a sare kansa idan ya kai mita 1, in ba haka ba sai ya miƙe ya fi ƙarfin hannu.

Kuɓewata tana yin tauri.

Kin bar ta ta tsufa. Kwana 4 zuwa 6 bayan fure ya faɗi ɗan ya isa tsinka, don haka ana zagayawa duk kwana biyu. Karya tsinin da yatsa: in ya ɓalle ƙas, ɗanya ce, in ya lanƙwashe, ta wuce, sai dai a yanka a shanya. Barin tsofaffi a jiki yana sa uwar ta daina fure. Kafin shuka ki jiƙa irin ya kwana, ƙwaya 2 a rami, in sun fito ki bar mai ƙarfin.

Latas ya yi ɗaci, karas kuma ya fito da ƙafafu.

Latas idan zafi ya taɓa shi sai ya miƙe tsakiya zai yi fure, farin ruwan jikinsa ya ƙaru, shi ne ɗacin. Daga ƙarshen Fabrairu a sa ran haka. Ana iya fara ɓallar ganyen gefe tun mako 3 bayan dashe, da sassafe, ba sai an jira ya cika ba.

Karas yana rabuwa ne idan tsinin saiwarsa ya ci karo da tsakuwa, ko ɗanyen taki, ko kuma an dasa shi. Yana son ƙasa tankaɗaɗɗiya mai zurfin santimita 30. Tsirowarsa takan ɗauki kwana 7 zuwa 14, kuma fuskar ƙasa ba za ta bushe ba ko sau ɗaya a tsakanin. A rage shi ya zama yatsu uku tsakanin gindi da gindi, a cire bayan kamar wata 3.

Yaushe albasa take isa cira?

Wata 3 zuwa 4 bayan dashe, idan wuyanta ya yi laushi ganyen ya fara kwanciya da kansa. Da rabinsu sun kwanta a yanke ruwa na kwana 10, a cire, a baza a inuwa mai iska mako 1 zuwa 2 har wuyan ya bushe ƙayau, sannan a yanke ganyen. Wadda aka yanke da ɗanyen wuya ita ce take ruɓewa a ajiya. Masu kaurin wuya a fara cinye su. Albasar kicin da ta tsiro, in aka binne ta za ta ba da lawashi cikin mako 2 ko 3, amma ba za ta yi sabon kai na kirki ba.

Tumatir da attarugu sun nuna lokaci guda, sun fi ƙarfin tukunya.

Tumatir yana fara nuna kwana 60 zuwa 75 bayan dashe, attarugu kusan wata 3. Ba sai tumatir ya yi jawur a jiki ba, da gindinsa ya fara sauya launi a tsinke, zai ƙarasa a ɗaki, kuma an riga tsuntsu da ƙadangare. Attarugu da tattasai a yanke su da ɗan hannunsu, fizga tana karya reshe. Rarar kuwa a yi kauɗa: a tsaga tumatir biyu ko huɗu, a shanya a kan raga ko tabarma mai tsabta sama da ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. A iskar Fabrairu kwana 4 zuwa 6 sun isa.

Da damina ruwa yana kwanciya a lambun.

Fangali mai zurfi na rani ne, don ya riƙe ruwa. Da damina akasin haka ake yi, a tayar da kunya ko gado mai tudun taƙi guda, a buɗe masa hanyar ruwa, musamman kafin Agusta. Saiwar tattasai da tumatir ba ta jure kwana biyu a cikin ruwa. Masu buhu su duba hujin ƙasa ko ya toshe, su kuma janye buhunan daga ƙarƙashin indararo.

Na gama girbi. Zan sake amfani da ƙasar buhun?

Ƙwarai, in dai shukar da ta fita ba ciwo ne ya kashe ta ba. A juye ƙasar, a tsince tsohuwar saiwa, a baza ta a ranar bazara mako 2 ana juyawa, a ƙara ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai kada a mayar da dangi ɗaya. Tumatir, tattasai, attarugu, barkono da yalo 'yan gida ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Buhun da ya ɗauki tumatir da hunturu a sa masa alayyahu ko wake da damina, wanda ya ɗauki kuɓewa a bi shi da albasa ko latas, tumatir kuma ya koma buhun da aka cire albasa.